Tiyon Kawu Ya Murɗe

Kawuna manomin rani ne a yankin Kadawa, can ƙasar Kura, inda ruwan dam ɗin Tiga yake bin magudanai yana shayar da tumatir da albasa da alkama tun shekarun 1970. Gonarsa tana ɗan tudu, ruwa ba ya hawa da kansa. Da inji yake jawo shi, ya turo ta wani dogon baƙin tiyo wanda ya sha faci har ya gaji. Tun ina yaro na lura da wata ɗabi'a tasa. In ruwa ya ɗauke a bakin fangali alhali inji yana ta ruri, Kawu ko waiwayar injin ba ya yi. Tiyon yake bi a ƙafa, yana taka shi da dunduniya, har ya iso inda ya naɗe. A nan za ka ga bayan murɗin ya kumbura ya yi tauri kamar zai fashe, gabansa kuwa ya yi laƙwas, ko ɗigo babu. Ya sunkuya ya warware, ruwa ya yi gurnani ya wuce.

Wata shekara da hunturu, Kawu ya kwana biyu bai zagaya ba. Ko iska ba ta fita. Ciki ya tashi ya zama ganga, in ka ƙwanƙwasa sai ya amsa. Aka jiƙa kanwa, aka kawo sassaƙe, wani maƙwabci ya rantse basir ne ya hau sama, ya kawo wata kwalba. A kwana na uku, da amai ya fara, muka ɗauko shi zuwa Kano.

Bayan an yi hoto aka kira ni, tunda ni ne ɗan bokon gidan, aka miƙo mini takardar yarda da tiyata in karanta masa. Na duba, na ga sigmoyid bolbulus, na ga lafarotomi, na ga sigmoyidektomi, ga wani wai shi Hatman, ga kolostomi da alamar tambaya a gabanta. Digirina bai tsinana mini komai ba. Likitan, wani matashi mai haƙuri, ya ga ina zufa. Sai ya cire abin sauraren ƙirji daga wuyansa, ya lanƙwasa robar ta yi baka, ya kama gindinta da yatsu biyu ya murɗa.

Kawu yana kwance yana nishi, amma idonsa na kan robar. Ya ce, "Likita, wai tiyo ne ya murɗe?"

"Shi ne, Baba."

"To me ake jira? A warware mana."

"Za a warware, Baba, in bai ruɓe ba. In ya ruɓe sai an yanke."

Mutumin da bai taɓa zama a aji ba ya riga ni gane takardar. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa bayan hankali ya kwanta na zauna na bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Abin da na tarar ya ba ni dariya: yawancinsu sunayen wurare ne da sunayen ayyuka, irin waɗanda kowane mai lambu yake yi da tiyonsa. Rigar Girkanci da Latin kawai aka sa musu.

Duk wanda ya taɓa wanke kayan cikin ragon layya ya san hanji iri biyu ne, siriri mai tsawo da kakkaura gajere. A jikin mutum ƙaramin hanji ya kai wajen mita 6, shi ke tsotse amfanin abinci. Abin da ya rage, ruwa-ruwa kamar kunu, kusan lita 1 da rabi a yini, sai ya zuba cikin babban hanji, wanda tsawonsa bai wuce mita 1 da rabi ba. Shi likitoci ke kira kolon. Aikinsa ya shanye ruwan ya bar tuƙa. Yana farawa a ƙasan ciki ta hannun dama da wani lungu marar ɓullewa da ake kira sikam, kalmar Latin mai nufin makaho, kuma a gindin lungun ne afendis yake reto. Daga nan ya hau sama, ya gilma ta ƙarƙashin haƙarƙari, ya gangaro ta hagu, kamar yadda ake zagaya tiyo a gefen gona. Mai hawa da mai gangarowa a manne suke da bangon ciki na baya, tamkar tiyon da aka binne a kunya. Ba sa motsi, ba sa murɗewa.

Rigimar tana ƙarshen gangara, a mara ta hagu. A nan hanjin yake sakin bango ya yi wata lanƙwasa mai kama da harafin S, wajen santimita 40 a yawancin mutane. Girkawa suna da harafi mai suna sigma, shi ya ba wurin suna: sigmoyid, wato mai kamar sigma. Nan ne rumbun ajiya, inda bayan gida yake jira kafin a ba shi hanya. Ba a binne yake ba. Wani tantani ne yake riƙe da shi yana lilo, kuma ta cikin tantanin jijiyoyin jininsa suke bi. Ka kwatanta shi da rarar tiyon da Kawu yake bari a ƙarshen gona don ya riƙa kai ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Ita ce mai amfani, ita ce kuma mai naɗewa.

Daga sigmoyid sai rektum, santimita 12 zuwa 15, sannan mashigar dubura mai kamar santimita 4, inda tsokokin da ke rufe ƙofa suke. Rektum a Latin na nufin miƙaƙƙe, kuma ƙarya sunan yake yi, don na mutum a lanƙwashe yake, yana bin ƙashin gindi. Galen, babban likitan zamanin Rumawa a ƙarni na 2, dabbobi yake fiɗa, su kuwa nasu a miƙe yake. Kuskuren ya bi suna ya zauna har yau. Ashe ba mu kaɗai ne muke gadon suna ba tare da tambaya ba.

Bolbulus kuwa daga kalmar Latin ta mirginawa ya fito. Murɗewar hanji ke nan. Lanƙwasar nan ta cika da iska da kashi, ta yi nauyi, ta juya a kan gindinta, rabin zagaye ko cikakke ko fiye. Hanya ta toshe ta gaba da ta baya, iska ta yi ta taruwa a tsakiya. A hoto sai ka ga wata ƙatuwar baka ta cika ciki, da tsaga a tsakiyarta; likitoci suna cewa ta yi kama da ƙwayar kofi, ni kuwa ƙwallon dabino na gani.

Wannan ciwo namu ne. A Turai da Amurka ba kasafai ake ganinsa ba, in an gani ma galibi ga tsofaffi tukuf ne masu fama da taurin ciki. Amma a ƙasashen Afirka da dama, Habasha da Yuganda da nan yammacinmu, da Iran da Indiya da tsaunukan Kudancin Amurka, yana sahun gaba cikin abubuwan da ke toshe babban hanji, kuma magidanta yake kamawa da ƙarfinsu, maza fiye da mata. Likitoci suna danganta shi da doguwar sigmoyid, doguwar sigmoyid kuma da abinci mai yawan dusa da harza, irin tuwon dawa da gero da wake da ganye, musamman in mutum ya yini da yunwa ya zo ya narka da yawa a zama ɗaya.

Kada wani ya ji haka ya zargi tuwo. Denis Burkitt, likitan tiyata ɗan Ayalan da ya daɗe yana aiki a Kampala, ya shafe shekarun 1970 yana yi wa Turawa wa'azi cewa irin abincin nan na ƙauyen Afirka ne ya kare mu daga cututtukan hanjin da suka addabe su. Ɗaya daga cikin misalansa shi ne dibatikula. Ka san yadda tsohuwar tayar keke take tsagewa, tub ya leƙo ya yi ƙulu? Haka bangon sigmoyid yake yi in ya daɗe yana matsa busasshen kashi ɗan kaɗan: sai 'yan aljihuna su ɓullo a inda yake da rauni. In ɗaya ya kumbura ya yi ruwa, sunan ya koma dibatikulaitis, don duk kalmar da ta ƙare da "aitis" kumburi take nufi. Shi ne ya kai Fafaroma Francis asibitin Gemelli a birnin Rum a watan Yulin 2021, aka yanke masa santimita 33. Bature da burodinsa fari ya samu ƙulu, Bahaushe da tuwonsa ya samu murɗi, duk a lanƙwasa ɗaya. Sai dai yanzu da muka koma wa taliyar leda da farar shinkafa da lemon kwalba, ina jin tsoron mu haɗa biyun.

Wutsiyar kalma ce sirrin takardar tiyata. Gaban kalmar yana faɗa maka wurin, wutsiyar tana faɗa maka abin da za a yi wa wurin. In ta ƙare da "skopi", leƙawa za a yi. Sigmoyidoskopi shi ne a zura siririn bututu mai fitila ta dubura, wajen santimita 60, a duba rektum da sigmoyid. Kolonoskopi kuma a bi babban hanjin gaba ɗaya har lungun makaho. Kawu ma yakan zura doguwar waya cikin tiyo in yana zargin kwaɗo ko tsumma ya maƙale. Da ma mun kawo shi tun ranar farko, da watakila leƙawar ta wadatar. Tun 1947 wani likitan Norway mai suna Bruusgaard ya nuna cewa in hanjin bai mutu ba, ana iya tura bututu a hankali ya ratsa murɗin, iska ta fito da ƙarfinta, hanji ya warware ba tare da wuƙa ba. Likitocin da suka saba ba sa tsayawa saitin bututun, kuma ba sai na faɗi dalili ba. Amma tiyon da ya saba naɗewa a wuri ɗaya zai sake. Shi ya sa ko an warware, akan ba da shawarar a dawo a yanke rarar cikin natsuwa, ba cikin dare ba.

"Otomi" tsagawa ce, a buɗe a rufe. Lafarotomi buɗe ciki ke nan. "Ektomi" yankewa a fitar: sigmoyidektomi a cire lanƙwasar, kolektomi a cire babban hanji, hemikolektomi a cire ɓarinsa na dama ko na hagu. "Ostomi" kuwa daga kalmar Girkanci ta baki ta fito, wato a yi wa hanji sabon baki a fatar ciki. Dubi kusancinsu: kolotomi da kolostomi, harafi ɗaya ne tsakani. Na farko ka farka da ɗinki, na biyu ka farka da jaka a ciki. Duk wanda za a miƙa wa biro ya sa hannu a madadin mahaifinsa ya cancanci a nuna masa wannan harafin da yatsa.

In an yanke ruɓaɓɓen wuri, saura haɗi. Kawu yakan yanke inda tiyo ya fashe, ya kawo baki biyu ya zura guntun bututu a tsakani, ya naɗe da robar tsohon tub ya ɗaure tam. Likita yana kiran nasa anastomosis, kuma in ka saurara za ka ji kalmar bakin nan a cikinta: baki da baki. Da zare yake ɗinkewa, ko da wata na'ura mai dasa ƙananan ƙusoshin ƙarfe a zagaye. Fargabarsu ɗaya da Kawu, wato yoyo. Sai dai yoyon tiyo ciyawa yake shayarwa, yoyon hanji kuwa kashi ne yake zuba cikin ciki, kuma yana kisa.

A nan kwatancen nawa ya fara ɗingishi, kuma gara in faɗa da bakina. Tiyo mataccen abu ne, in ya murɗe shekara guda ka warware, ruwa zai wuce. Hanji rayayye ne, jini yake sha, kuma jijiyoyinsa suna cikin tantanin da ya murɗe tare da shi. Murɗin da ya tare kashi shi ne ya shaƙe jini. Sa'o'i suna tafiya, hanji yana sauya launi daga ja zuwa shuɗi zuwa baƙi. Haɗin ma ba zare ne yake riƙe shi ba, zare na ɗan lokaci ne kafin nama ya kama nama, kamar yadda ake auren mangwaro a ɗaure da leda har reshe ya kama. In majinyaci ya galabaita, jininsa ya yi ƙasa, cikin ya gurɓace, reshen ba zai kama ba.

Kwana ukun da muka yi muna jiƙa kanwa su suka cinye sigmoyid ɗin Kawu. Da aka buɗe, baƙi ƙirin aka tarar. Likitan ya fito ya same ni a baranda ya ce sun yanke, amma ba su haɗa ba, Hatman suka yi.

Henri Hartmann likitan tiyata ne a Faris, ya bayyana dabararsa a 1921. Ba don murɗewa ya ƙirƙiro ta ba, don sankarar ƙarshen hanji ce. Kafin shi, a 1908, Ernest Miles na Landan ya fito da wata tiyata mai tsanani: a buɗe ta ciki, a buɗe ta ƙasa, a cire rektum da dubura gaba ɗaya a ɗinke wurin, mutum ya rayu da sabon baki har ƙarshen ransa. Cikin mutum 12 na farko da Miles ya yi wa, 5 ba su tashi ba. Hartmann ya nemi hanya mai sauƙi ga wanda ƙarinsa yake ɗan sama: a yanke wurin ciwon, a ɗinke bakin guntun da ya rage ta ƙasa a bar shi a ciki, a fito da bakin sama ta fatar mara ta hagu. Mai lambu zai ce an toshe tiyon da ke gaba, an karkatar da ruwa ta gefen kunya kafin a samu sukunin gyara. Yau dabarar ta zama mafitar likita a duk inda haɗi yake da hatsari.

Tiyatar Miles ma tana nan, ana yin ta in sankara ta sauko ta kama tsokokin ƙofa. Shi ya sa za ka ji likita yana ta maganar santimita nawa ne tsakanin ƙari da dubura. Ba ƙididdigar banza yake yi ba. In akwai 'yar rara a ƙasa, sai a yanke ta ciki kawai a haɗa, ƙofa ta tsira. In babu, babu. Tiyon da ya fashe a tsakiya ana yi masa faci, wanda ya fashe a daidai bakin famfo sai an cire har famfon.

Ranar da Kawu ya fara ganin abin, ya daɗe bai ce komai ba. Wani jan nama ne mai laima, kamar cikin kumatu, ya ɗan turo a gefen cibiya ta hagu. Ba ya zafi in an taɓa, don babu jijiyar jin ciwo a jikinsa. Ba shi da ƙofa kuma, abin da ya zo fitowa yake yi, ba sallama. Nas ɗin da ke koya mana manna jaka ta ce mu gode Allah ta hagu ce. Wanda aka fito masa da ƙaramin hanji ta dama, wato iliyostomi, ruwa ne yake zuba yini da dare, yana cin fata, yana ƙarar da ruwan jiki. Na Kawu ya riga ya bi dogon tiyo an shanye ruwansa, da kauri yake fitowa, sau ɗaya ko biyu a yini.

Daga baya na karanta cewa mutum na farko da aka tabbatar ya rayu da irin wannan baki jariri ne ɗan kwana 3, wanda aka haifa ba dubura a garin Brest na Faransa a 1793. Wani likita mai suna Duret ya fito masa da sigmoyid ta mara, ba allurar barci, ba maganin kashe ƙwayoyin cuta, yaron ya yi shekara 45 a duniya. Har gobe a asibitocin koyarwa na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, jarirai suna cikin waɗanda aka fi yi wa kolostomi, ko don an haife su ba ƙofa, ko don ƙarshen hanjinsu ba shi da jijiyoyin da ke tura kashi. Ungozomar da ke duba gindin jariri ranar haihuwa ta san abin da take yi.

Jakar kuwa wata nas ce 'yar Danmak, Elise Sørensen, ta ƙirƙiro ta a 1954, saboda 'yar'uwarta Thora da aka yi wa tiyatar ta daina fita cikin mutane don tsoron wari da yoyo. Ta zo da dabarar jakar leda mai gam da ake mannawa a jefar, daga nan kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957. Shekara 70 ke nan, amma a ƙauyen Kawu jakar ta fi nama wuyar samu. Duk wanda zai zo daga birni sai mun yi masa saƙo. In ta yanke, matarsa takan yanka ledar da aka wanke, ta yi mata baki, a shafa man kaɗanya a fata, a ɗaure da tsumma mai tsabta. A ganina a nan muka gaza. Muna da masu iya yanka da ɗinki, amma mutum ya bar gadon asibiti ya koma inda babu mai sayar da jaka, babu mai koya masa zama da ita.

Abin da ya fi damun Kawu ba wari ba ne. Ranar da aka sallame mu ya jawo ni kusa ya ce, "Kai ɗan nan, to sallata fa?" Sati biyu ya ƙi shiga sahu, yana ganin kansa mai najasa. Sai da limamin garinsu, wani dattijo da ya yi karatun zaure a Zariya, ya zo dubiya. Ya saurara, ya yi murmushi, ya ce ai malaman fiƙihu sun riga likitoci zuwa wurin. Muhtasar na Shehu Halilu, wanda aka rubuta a Masar tun ƙarni na 14, a babin abubuwan da ke warware alwala ya kawo mas'alar mutumin da hanyarsa ta toshe, wata kafa ta buɗe masa a ƙasan tumbi. Ya kuma tuna masa hukuncin mai yoyon fitsari, wanda a mazhabar Malikiyya in abin ya lazimce shi rabin lokaci ko fiye ba ya karya masa alwala. Ya ce, "Malam, ka tsabtace jakarka gwargwadon iko, ka yi alwalarka, ka zo sahun gaba inda ka saba." Maganar nan ta yi wa Kawu abin da ƙarin ruwa leda goma bai yi ba. Ni kuma na ƙara masa da labarin Fafaroma John Paul na Biyu, wanda aka harba a watan Mayun 1981, ya zauna da irin jakar nan har watan Agusta kafin a mayar masa da hanji. Kawu ya ce ashe abin ba ya duba rawani.

Akwai kalma ɗaya da na tsana tun daga lokacin, ita ce basir. Ba don babu basir ba, akwai shi, jijiyoyin jini ne na bakin dubura suke kumbura su yi tsiro ko su zubar da jini. Amma mun mayar da kalmar buhu, kome ya faru daga cibiya zuwa gwiwa sai mu cusa a ciki. Taurin ciki basir, atini basir, tsagewar dubura basir, kasala basir, har rashin kuzarin magidanci basir. Ka tsaya a kowace tasha ka ji mai mota da lasifika yana lissafa masa iri-iri, da bakin da ba ya jin kunyar kowa, alhali majinyaci in ya zo gaban likita sai ya sunkuyar da kai ya ce "cikina ne." Kunyar tamu ta ɓata lissafi, ta bar mai talla ya yi batsa a kasuwa, ta hana mai ciwo faɗin gaskiya a ɗaki. Ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi.

Cikin buhun nan sankara take ɓuya. Yawancinta tana farawa ne da ɗan tsiro a bangon hanji, folif, wanda yakan yi shekaru kafin ya rikiɗe. Tun 1969 likitoci biyu a New York, Wolff da Shinya, suka nuna ana iya zarge shi da 'yar waya ta cikin bututun leƙawa a tsinke, mutum ya koma gida ranar. Amurka ta sauko da shekarun fara gwajin sankarar hanji zuwa 45 a 2021, bayan an ga ciwon yana ƙaruwa ga matasa. Ɗan wasan fim Chadwick Boseman yana da shekara 43 ciwon ya kashe shi a 2020. Likitocin tiyata na ƙasar nan sun sha rubuta cewa namu majinyatan sun fi na Turai ƙuruciya, kuma a makare suke zuwa, bayan an sha kwalabe an yi hayaƙi an yi zaman ruwan ɗumi. Jini a bayan gida, ko kashi ya sirance, ko mutum ya riƙa jin bai gama ba alhali ya gama, ko rama ba dalili, duk sun isa a sa yatsa a duba, a leƙa. Ƙarin da ke rektum sau da yawa yatsan likita ma yana isa gare shi.

Wata biyar Kawu ya yi da jaka. Ya yi ƙiba, jini ya dawo, aka sa ranar mayarwa. Likitan ya gargaɗe mu cewa wannan tiyatar ba ƙarama ba ce, sai an sake buɗewa an lalubo guntun da aka bari a ƙasa, wanda yakan noƙe ya manne da maƙwabtansa, kuma ba kowa ne ake samun mayar masa ba. Kawu ya ce ya sani, tiyon da aka yasar a gona damina guda sai an tona.

Aka yi, aka fito da shi, aka hana shi ci da sha. Kullum da safe tawagar likitoci za ta tsaya a kansa, babbansu ya ɗora abin sauraro a cikinsa, sannan ya yi tambayar da ban taɓa zaton za a yi wa dattijo mai jikoki a gaban jama'a ba: "Baba, ka yi tusa?" Kawu ya kau da kai ya ce a'a. Rana ta biyu haka. Na tambayi nas dalili, ta ce hanjin da aka taɓa yakan yi fushi ya kwanta, iska ce shaidar farko cewa ya farka kuma hanya ta buɗe daga sama har ƙasa. Duk ɗakin aka shiga jira tare da mu, har mai jinyar gadon da ke kallonmu yakan leƙo ya ce, "Yaya dai, an samu?"

Daren kwana na uku, wajen ƙarfe biyu, ina gyangyaɗi a kan tabarma, na ji an taɓa ni da ƙafa. Kawu ne, idonsa tar a cikin duhu.

"Tashi ka kira malamar nan," in ji shi. "Ka ce mata ruwa ya iso fangali."